Juya Ni, Malam

Shekara arba'in da ɗaya Malam Uba ya yi yana haƙar kabari a ƙauyensu da ke bayan garin Fulatan, ba a taɓa samun wanda ya ce aikinsa ya karkace ba, sai ranar da aka kawo Lukumanu magini ya kewaye maƙabarta da katanga. Shanu ne suka matsa wa mamata, kullum sai an tarar da sawunsu a kan kaburbura, mutanen gari suka ga abin ya isa haka nan.

Lukumanu gwani ne a aikinsa, wannan ba musu, amma bakinsa ba shi da linzami. Ranar da katangar kudu ta kai tsayin mutum, ya hau kanta yana ɗaura igiya, ya waiwayo ya dubi maƙabartar daga sama, sai ya yi turus. Kuna tsammanin ya sauko ya ja dattijo gefe kamar ɗan mutunci? Ina! Daga can saman ya ƙwala kira, a gaban leburori da masu kawo ruwa da duk wanda ya zo sa albarka.

"Baba Uba! Wai alƙibla nawa gare ku a garin nan? Zo ka gani, kowane kabari da inda ya dosa."

"Sauko, yaro, kada jiri ya ɗebe ka," in ji Malam Uba, aka yi dariya.

Amma dariyar ba ta daɗe ba, don mutum biyu sun hau sun duba, sun sauko ba su ce komai ba. Shirun nan nasu ne ya sa Malam Uba ya kama tsani da gwiwoyinsa masu ciwo ya hau. Daga ƙasa ba a gani, ciyawa da tsofaffin tuddai sun ɓata ido. Daga sama kuwa ga abu nan ƙuru-ƙuru. Kaburburan sun baje kamar yatsun hannu idan an ware su. Wasu sun fuskanci gabas sun ɗan karkata arewa, wasu gabas sak, wasu kuma sun zame kudu sosai. Ba yadda za a yi duk su zama daidai. Idonsa ya tafi kai tsaye kusurwar da matarsa Laure take, ya ga tana cikin waɗanda suka fi zamewa kudu.

Sai da aka riƙe shi wajen saukowa.

Aikin nan gadonsa ya yi wurin mahaifinsa, Malam Mu'azu, tare da wata sandar kanya da hannu ya goge har tana sheƙi. Ga yadda yake yi. Idan an yi rasuwa kafin gari ya waye, yana idar da sallar asuba sai ya wuce maƙabarta ya kafa sandar, ya juya wa gabas baya, ya jira. Rana na ɓullowa inuwar sanda za ta miƙe doguwa zuwa yamma. Sai ya zana kabari a gicciye da inuwar, yadda idan an kwantar da mamaci a gefen damansa fuskarsa za ta kalli inda rana ta fito. Wanda ya rasu da rana kuma sai a bi layin kabari na baya-bayan nan. Haka ya ga mahaifinsa yana yi, da idonsa ya gani, ba labari aka ba shi ba. Malam Mu'azu ba mai magana ba ne, abu ɗaya kawai ya taɓa gaya masa: kada ka kalli rana ta ɓata maka ido, kalli inuwa. Shi kuma ya riƙe wannan gam, shekara arba'in da ɗaya kansa na ƙasa.

Duk wanda ke cikin maƙabartar nan nasa ne, amma Laure daban ce. Shekara shida na ƙarshen rayuwarta idonta ya tafi gaba ɗaya. Girki ta ci gaba da yi da lalube, ɓarar gyaɗa ma ba a fi ta sauri ba, abu ɗaya ne ba ta yarda da kanta a kai ba. Da an kira salla za ka ji muryarta daga tsakar gida.

"Malam, juya ni."

Ko yana gona sai ya dawo. Ya kama kafaɗunta biyu ya juya ta a hankali har ta yi daidai da bangon ɗakin da mahaifinsa ya gina, ya ce "Bismillah," ta tayar da kabbara. Matan maƙwabta sun sha cewa su ma ai za su iya, ta ce a'a, hannun Malam ne ya san hanya. Shekara biyu ke nan da ta rasu, cikin tsakiyar sanyi, bayan an gama zuba gyaɗa a rumbu. Mutane suka ce ya zauna a gida ya karɓi gaisuwa, wasu su haƙa. Ya ƙi. Ya ce wanda ya juya ta sau biyar a rana shi zai juya ta na ƙarshe. Ya kafa sanda, ya jira rana, ya zana, kuma bai taɓa yin zane da kulawa irin ta ranar ba.

To yanzu ga abin da ya hana shi cin abinci: shin ya kwantar da ita tana kallon alƙibla, ko kuwa ya kawar mata da fuska?

Samari suka fito da wayoyinsu, wai akwai wani abu a ciki mai nuna alƙibla. Ta Lukumanu ta nuna nan, ta abokinsa ta nuna can, da aka matso kusa da shebur da rodin katanga sai kibiyar ta hau rawa kamar an tsikare ta. Malam Uba ya yi tsaki ya bar musu wurin. Abin da bai san inda shi kansa ya dosa ba, shi ne zai yanke hukunci a kan matarsa?

Ya je wurin Liman Abdulmumini bayan la'asar. Suka gaisa, aka tambayi gida da gajiya da zafi, aka tambayi gwiwa, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Liman mutum ne mai sanyin hali, ya saurare shi har ƙarshe.

"Malam Uba, wanda ya yi iyakar ƙoƙarinsa babu laifi a kansa. Kuma wanda ya daɗe a makwancinsa ba a tone shi. Ka kwantar da hankalinka."

"Allah gafarta Malam, ba laifi nake tambaya ba. Ina take kallo? Shi nake tambaya."

Liman ya ce wannan kam Allah ne masani, ya raka shi bakin ƙofa.

Ranar Asabar sai ga Bahijja a kan babur. Ita ce 'yarsu guda da ta rayu, tana aure a Karaye, tana koyar da kimiyya a wata makarantar 'yan mata. Bai gaya mata ba, amma magana a ƙasar nan ba ta jiran mota. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta dubi wuyansa da ya zurma, ta dubi kwanon tuwon jiya da ba a taɓa ba, ta shiga ta dama masa kunu ta tsaya a kansa sai da ya sha rabi. Sannan ta ce ya gaya mata yadda yake auna kabari, dalla-dalla.

Ya gaya mata. Tana saurare, fuskarta na canzawa.

"Baba, kullum da fitowar rana kake aunawa? Damina da rani?"

"To da me zan auna? Rana ai ba ta ƙarya."

"Ba ta ƙarya, Baba. Amma ba wuri ɗaya take fitowa ba."

Ta ciro lemo ɗaya daga cikin tsarabar da ta kawo, ta zare tsinken tsintsiya ta soke shi ta tsakiya. Ta mirgino turmi tsakar gida ta ce wannan shi ne rana, lemon nan kuma duniya. Ta karkata tsinken gefe guda, ta riƙe shi a haka, ta fara zagaya turmin tana murza lemon da yatsa. Ta ce murzawa ɗaya ita ce kwana ɗaya, zagaye ɗaya kuma shekara. Da yake duniya a karkace take tafiya, wata shida kanta na sunkuyo wa rana, wata shida kuma yana kauce mata. Shi ya sa mu da muke kanta muke ganin mafitar rana tana tafiya: da farkon damina ta koma arewa, da sanyi ta gangara kudu, ta sake dawowa.

Malam Uba ya kalli 'yarsa, uwar 'ya'ya uku, tana zagaya turmi da lemo a hannu.

"Yanzu wannan ake biyanki ki koya wa 'ya'yan mutane? Ni shekarata sittin da tara a kan duniyar nan, ban taɓa jin ta motsa ba."

"Idan ka yi gyangyaɗi a mota, kana jin tafiya?"

"A hanyar garinmu? Har haƙorana suna ji."

Ta yi dariya, amma dariyar ba ta je ko'ina ba. Ta ajiye lemon a kan turmi ta zauna a bakin tabarmarsa.

"Inna ta san wannan, Baba. Ka tuna da sanyi? Cewa take a kai mata tabarma gindin rumbu, wai ta nan rana ke fara sauka. Da damina kuma sai ta ce a mayar mata bakin ɗakin girki."

Wa ke ɗaukar tabarmar? Shi ne. Da hannunsa yake kai ta gindin rumbu, da hannunsa yake dawo da ita, har yana tsokanarta wai ta fi kyanwa bin rana. Makauniya ta ji da fatar jikinta cewa rana na sauya ƙofa, shi mai ido biyu yana ɗaukar mata tabarma shekara shida, amma bai taɓa haɗa tabarmar nan da sandarsa ba. Kai, wannan abu ya yi masa ciwo. Ya ji kunya irin wadda bai ji ba tun yana yaro.

"To wanne ne daidai?" ya tambaya. "Na damina ko na sanyi?"

Bahijja ta sunkuyar da kai tana jan zaren tabarma. Ya gane tana da abin da take zato, ita ma ta gane ya gane. Can ta ɗago.

"Kada ka ji daga bakina, Baba, kada kuma ka ji daga waya. Akwai ranar da rana da kanta za ta nuna maka."

Ta ce sau biyu a shekara rana tana tsayawa daidai saman Ka'aba, tsakar ka. A wannan ɗan lokaci duk abin da ke tsaye a Makka ba shi da inuwa, mutum ne ko sanda ko gini, inuwarsa na ƙarƙashin ƙafarsa. Mu kuma da ke nesa, duk wanda ya fuskanci rana a lokacin Ka'aba ya fuskanta. Idan ka kafa sanda, ka tsaya a ƙarshen inuwarta ka kalli gindinta, to alƙibla kake kallo. Na kusa shi ne ashirin da takwas ga watan Mayu, ƙarfe goma da minti goma sha takwas na safe, agogonmu. Saura kwana goma sha takwas.

"Har minti an sani?"

"Har minti, Baba. Bana, baɗi, da shekara ɗari mai zuwa."

Ya daɗe yana kallon lemon da ke kan turmi. Duk da nauyin da ke ƙirjinsa, sai da tsigar jikinsa ta tashi. Abu mai girman rana, da ba wanda ya taɓa ɗaura mata igiya, a ce tana da alƙawari da wani gida guda a bayan ƙasa, kuma ba ta makara ko da minti ɗaya. Ya ce "Subhanallahi" a hankali, ya sake cewa.

Kwanakin nan goma sha takwas ba su yi masa daɗi ba. Kullum da asuba yana maƙabarta. A bakin shiga akwai wasu duwatsu biyu manya, taku goma tsakaninsu, tun zamanin mahaifinsa suke nan, a kan ɗaya yake zama ya huta idan ya gama haƙa. Gindin wannan dutse ya riƙa kafa sanda, rana na fitowa ya auna taku goma a kan inuwa ya ajiye tsakuwa. Kashegari ya ajiye wata. Bai so ya gani ba, amma ya gani: kullum tsakuwar yau tana gefen ta jiya da kamar faɗin yatsa biyu. Kafin mako biyu tsakuwoyin sun yi layi. Inuwar da ya ba amana shekara arba'in da ɗaya tafiya take yi a ƙarƙashin hancinsa, a hankali, ba ta taɓa tsayawa ba.

Cikin kwanakin ne tsoho Abdulmutalib mai gyaran keke ya rasu. Malam Uba ya kafa sanda kamar kullum, don bai san wata hanya ba. Yana cikin zane babban ɗan mamacin ya matso, ya rage murya.

"Baba, ka dai tabbata ko?"

Ba da rashin kunya ya faɗa ba, da ladabi ya faɗa, wannan ne ma ya fi zafi. Malam Uba ya juya. Ya ɗauki diga ya fara haƙa.

Ana gobe ranar aka yi ruwa mai kyau da yamma. Gari ya waye ƙasa ta jiƙu, kowa ya saɓi sungumi ya nufi gona shuka, ba wanda zai bar ruwan farko don kallon inuwa. Liman ne kawai ya zo, da Lukumanu, da wasu dattawa biyu. Sama kuwa ta rufe ruf da gajimare.

Malam Uba ya kafa sandar kanya a gindin dutsen zamansa. Lukumanu ya rataya igiya mai ɗaure da tsakuwa a gefenta, suka gyara har sandar ta miƙe ba karkata. Yau bakin Lukumanu a rufe yake, ko tari ba ya yi. Goma da kwata wayar Malam Uba ta yi ƙara, Bahijja ce daga makaranta, ta bar ɗalibanta a aji ta fito.

"Saura minti uku, Baba. Akwai rana?"

"Babu."

"Ko ta makara da minti biyu ko uku ba komai. In ma ba ta fito ba, gobe ana iya gwadawa."

Gaskiyar magana, a wannan lokaci Malam Uba roƙo yake a zuciyarsa kada ta fito. Yau kada ta fito, gobe kada ta fito, a bar shi da rashin saninsa. Ya kama kansa yana wannan roƙo ya yi istigfari. Bai rufe baki ba gajimaren ya yage ta gefe guda, haske ya zubo a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa.

"Yanzu, Baba," in ji Bahijja. "Yanzu ne."

Inuwar ba irin doguwar nan ta asuba ba ce da ya saba da ita. Gajeriya ce, ta ɗan fi rabin sandar kaɗan, baƙa ƙirin, gefenta kamar an yanka da wuƙa. Ya ɗaga kai ya duba kewaye. Inuwar shebur, da ta Liman, da ta itacen aduwa, da ta kowane dutse da ya kafa a kan kabari, duk sun kwanta gefe ɗaya kamar sahun salla. Ya tuna abin da 'yarsa ta ce, cewa a wannan minti haka abin yake a Rogo da Karaye da Kano da garuruwan da bai san sunansu ba, kowane turken akuya da kowane rumbu yana nuna gida ɗaya. Ƙirjinsa ya cika, bai san ko tsoro ne ko murna ba.

Lukumanu ya durƙusa ya ɗora igiya a kan inuwar, ya ja ta ta wuce gindin sanda, ya yi gaba da ita yana ja da baya. Taku goma ya tsaya, don dugadugansa sun daki wani abu. Ɗaya dutsen ne. Igiyar ta ratsa ta tsakiyarsa, ba ta kauce ko da faɗin farce ba.

"Wa ya ajiye duwatsun nan?" Liman ya tambaya.

"Babana," in ji Malam Uba.

Yana faɗa abin ya faɗo masa gaba ɗaya. Yana saurayi, da an gama girbi yake tafiya cin rani, ba ya dawowa sai hadari ya fara haɗuwa. Duk ganin da ya yi wa mahaifinsa da sanda, lokacin shuka ne. Ashe tsohon ba kabari yake aunawa ba, duwatsunsa yake dubawa, sau ɗaya a shekara, a kwanakin da mafitar rana ke daidai da alƙibla. Sauran watanni duwatsun yake bi. Ya rasu farat ɗaya bai yi bayani ba, ɗansa ya ɗauki sanda ya bar lokaci. Shekara arba'in da ɗaya yana zama a kan alƙiblar garin yana shan fura.

Suka ɗauki layin igiyar suka shiga cikin kaburbura. Na Abdulmutalib mai keke daidai yake cif. Malam Uba ya wuce gaba, ba ya ko jiran igiya, don yanzu ya iya karatun wurin. Wannan ranar shuka ya rasu, daidai. Wannan matar ana noman farko, daidai. Wannan da kaka, ana cirar gyaɗa, ya zame kaɗan. Wannan ana yankan dawa, ya ƙara zamewa. Kowa yana kwance yana kallon inda rana ta fito a safiyar da aka binne shi, har wanda ya manta watan rasuwar mahaifinsa zai iya zuwa ya duba. Dattawan biyu suka yi ta salati. Shi kuwa ƙafafunsa sai ƙara nauyi suke, don ya san inda layin zai kai shi.

A kusurwar kudu ya tsaya. Lukumanu ya zo da igiya, ya miƙa ta, ya dubi igiyar, ya dubi kabarin, sai ya naɗe abarsa ba tare da an ce masa ba. Ba ƙaramar zamewa ba ce. Tsakanin inda Laure ke kallo da alƙibla ya kai rabin kusurwar ɗaki.

"Baba Uba," in ji Lukumanu, muryarsa ta dushe, "don Allah ka yafe mini. Da na sani da ban hau katangar nan ba."

"Abin da ka gani ka faɗa. Gobe ka zo da siminti ka kama duwatsun nan biyu, kada wani ya ɗauke. Ka rubuta a jiki ko mene ne su. Ni ba a rubuta mini ba."

Liman ya dafa kafaɗarsa ya maimaita abin da ya faɗa ranar nan, cewa babu laifi, cewa Allah ya ga niyya, kuma rahamarsa ba ta ɓata hanya. Malam Uba ya ce ya gode, kuma har zuciyarsa ya yarda da maganar. Suka yi addu'a ga mamata, suka fita ɗaya bayan ɗaya, suka bar shi.

Sai a lokacin ya lura wayar na hannunsa, ba a kashe ba. Ya kai ta kunne.

"Bahijja."

"Na'am, Baba. Na ji."

"Kin sani tun ranar nan."

"Na yi zato. Na yi ta addu'a ya zama na yi kuskure."

Yana jin hayaniyar 'yan makaranta can nesa a bayanta. Akwai wata tambaya da ta kwana goma sha takwas a ransa, tun ranar lemo da turmi, ya ɓoye ta kamar guzuri.

"Kin ce duniya juyawa take, ba ta tsayawa."

"Haka ne."

"To in tana juyawa, ai tana juyawa da uwarki. A cikin yini guda, ko a cikin shekara, babu wani lokaci, ko na ƙiftawar ido, da za ta kawo fuskarta daidai?"

Da ta so, da ta ce masa e, ba wanda zai taɓa ƙaryata ta. Amma ba haka suka yi renonta ba.

"A'a, Baba. Tare suke juyawa, da ita da Ka'abar. Yadda aka ajiye su haka za su tafi."

Ta fashe da kuka. Ya ce mata ta yi haƙuri, ta koma wurin ɗalibanta, Allah ya yi mata albarka. Ya kashe wayar ya sa a aljihu.

Gajimare ya sake rufe rana, inuwoyin duk suka ɓace. Daga gonaki ana jiyo muryoyin masu shuka. Malam Uba ya zagaya kabarin a hankali, ya je ta gefen da fuskarta take, ya zauna a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa daidai inda take kallo. Ya waiwaya bayansa ya duba. Ta nan rana ke fitowa da sanyi, ta nan take so a kai mata tabarma. Ya so wannan ya sanyaya masa rai, bai sanyaya ba.

Ya ɗora tafukansa biyu a kan tudun, tazararsu kamar faɗin kafaɗunta.

"Laure, ni ne," ya ce. "Na ƙarshen nan ban juya ki daidai ba. Kin ce hannuna ya san hanya, ashe bai sani ba. Kuma ba ni da ikon sakewa."

Yana nan zaune hannuwansa na kan ƙasa har aka kira azahar.